Tseren Dusar Ƙanƙara Na Masu Buƙata Ta Musamman: Me Ya Haɗa Shi Da Mutanen Abuja?

Duk wanda ya ji an ce za a faɗakar da mutanen Abuja game da tsere a kan dusar ƙanƙara, abin da zai fara faɗa shi ne, ina ruwan biri da gada? Garin da ko a tsakiyar hunturu mutum zai sa rigar sanyi da asuba ya tuɓe ta kafin azahar, garin da zafin watan Maris ke narka kwalta, ina shi ina ƙanƙara? Tambayar tana kan hanya. Sai dai wannan wasa, wanda guragu da makafi da waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suke yi a ƙasashen sanyi, an gina shi ne a kan ƙa'ida guda da ta shafe mu ƙwarai: ba jikin mutum ake tilasta wa ya dace da kayan wasa ba, kayan wasan da dokokinsa ake gyarawa su dace da jikin da Allah Ya ba mutum. Wanda ya fahimci wannan zai ga cewa abin da ya hana dubban matasanmu masu larura motsa jiki ya fi kusa da mu fiye da yanayin sama.

Yadda wasan yake

A ƙasashen arewacin Turai irin su Norway da Suwidin da Finland, dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa watanni da dama. Tun zamanin da, mutanensu sukan ɗaura wa ƙafafunsu wasu siraran filankai dogaye, su riƙe sanda a kowane hannu, su riƙa zamewa suna ratsa daji da gona don farauta ko zuwa wani ƙauye. Daga nan abin ya zama wasa. Ya bambanta da wanda ake gangarowa daga kan dutse a guje, domin shi wannan tafiya ce mai nisa, akwai hawa, akwai gangara, akwai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma babu abin da ke tura ɗan wasa sai ƙarfin jikinsa. Kafin a fara, wata mota takan bi hanyar ta danne ƙanƙarar, ta tsaga layuka biyu da filankan za su riƙa bi. A manyan gasanni ana yin gajeren tsere na kimanin kilomita 1, ana kuma yin dogo da yakan kai kilomita 20.

An shigar da wasan cikin gasar Olamfik ta masu buƙata ta musamman ta lokacin sanyi tun karon farko da aka yi ta, a shekarar 1976, a garin Örnsköldsvik na ƙasar Suwidin. Kafin nan ma, a 1964, wani makaho ɗan Norway, mawaƙi mai suna Erling Stordahl, ya kafa gasar shekara-shekara ta makafi da ake kira Ridderrennet, wadda ake yi a garin Beitostølen. Daga gare ta aka kwaikwayi shirin Ski for Light a Amurka a 1975, inda ake haɗa makaho ɗaya da mai gani ɗaya su fita tare.

Rukunai uku

An kasa 'yan wasan gida uku. Rukunin farko na masu yi a tsaye ne: wanda aka yanke wa ƙafa yana amfani da ƙafar roba, wanda ke da hannu ɗaya yana riƙe sanda ɗaya, wanda ba shi da hannu ko ɗaya yana tafiya da ƙarfin ƙafa da ƙugu kawai.

Rukuni na biyu na masu yi a zaune ne, kuma shi ya fi kusa da mu. Akan ƙera wata 'yar kujera marar nauyi, a ɗora ta a kan ƙarafa, a ɗaure ƙarafan a kan filankai biyu. Ɗan wasa ya zauna, a ɗaure masa ƙugu da cinyoyi tamau don kada ƙarfinsa ya tafi a banza. Sandunansa gajeru ne. Yakan ɗaga su biyun a lokaci guda, ya soka su a ƙasa ta gabansa, ya rankwafa da dukkan nauyin ƙirjinsa ya tura baya, kamar yadda mai fito yake tunkuɗa kwale-kwale da gora. Haka zai yi ta yi, ba birki, ba sitiyari. In ya zo kwana sai ya karkata jiki, ya ɗaga filanki ɗaya, ya juya kujerar da ƙarfin ciki. Kowace kujera akan ƙera ta ne daidai da mai ita: wanda bayansa ke da ƙarfi yakan zauna gwiwoyinsa na ƙasa da ƙugunsa don ya samu damar rankwafawa sosai, wanda kuma larurar ta taɓa masa tsokar ciki akan ɗaga masa gwiwoyi su tokare shi.

Rukuni na uku na makafi ne da masu raunin gani. Yawanci ɗan wasa yana da ɗan jagora da ke gaba da shi, ɗauke da 'yar lasifika a bayansa, yana faɗa masa ga kwana ta dama, ga hawa, ga gangara, ƙara wuta. Jagoran ba ya jan sa da sanda, galibi muryarsa ɗan wasan yake bi. Idan suka ci, su biyun ake rataya wa lambar yabo, domin jagoran ma sai ya yi gudun da ɗan wasan ya yi.

Akwai wani reshe na wasan da ake haɗa tsere da harbi. Ɗan wasa yana cikin gudu zai tsaya, ya kwanta rub da ciki, ya harbi wurare 5 da ke nesa da shi mita 10, numfashinsa na sama-sama. Makaho ma yana yi. Bindigarsa ba ta harsashi ba ce, ta lantarki ce, an haɗa ta da abin sawa a kunne. Yana matsar da bakin bindigar yana jin wani sauti, gwargwadon kusantarsa da tsakiya gwargwadon yadda sautin ke ƙara tsini. In ya ji ya kai ƙarshen tsininsa sai ya danna kunama. Wanda ya kuskure akan ƙara masa zagaye ko a ƙara masa lokaci.

To, ta yaya za a haɗa wanda ƙafa ɗaya ce ta samu matsala da wanda tun daga ƙirji ba ya jin jikinsa, a ce an yi adalci? Likitoci da masana sukan gwada kowane ɗan wasa su sa shi a ajin da ya dace da larurarsa. Kowane aji yana da kason da ake lissafa lokacinsa da shi, wanda larurarsa ta fi tsanani akan rage masa wani abu daga mintocin da ya yi. Ta haka mutane masu larura iri-iri suke fafatawa a tsere guda, kuma wanda ya fi ƙoƙari shi ke ci.

Mai shan inna da makaho ɗan Afirka

A tarihin gasar sanyi ta masu buƙata ta musamman, babu wanda ya tara lambobin yabo kamar wata mata 'yar Norway, Ragnhild Myklebust. Cutar shan inna ce ta kama ta tana ƙarama, irin wadda ta naƙasa yara da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato. Tsakanin 1988 da 2002 ta samu lambobi 27, daga ciki 22 na zinare, yawancinsu a wannan tsere na zaune. An haife ta a 1943, wato ta haura shekara 40 kafin ta fara zuwa gasar, kuma tana dab da 60 ta ci na ƙarshe.

Ɗan Afirka na farko da ya shiga gasar kuwa makaho ne ɗan Yuganda, Tofiri Kibuuka. Yana cikin makafin gabashin Afirka da suka hau ƙololuwar dutsen Kilimanjaro a ƙarshen shekarun 1960, abin da ya sa aka gayyace shi Norway, ya koyi wasan, ya zauna a can. Ya ɗaga tutar Yuganda a gasar 1976 da ta 1980. A Kanada kuma akwai Brian McKeever, wanda ganinsa ya fara dusashewa yana saurayi, ya tara zinare 16, kuma yayansa Robin ne jagoransa na farko.

Ba sai da ƙanƙara ba

Ƙasar da ya kamata mu zuba wa ido ita ce Barazil, domin ita ma ƙasar zafi ce. 'Yan wasanta suna atisaye ne a kan kwalta. Maimakon filankai, akan ɗaura wa kujerar wasu gajerun ƙarafa masu ƙananan tayoyi gaba da baya, a sa wa sandunan kaifin ƙarfe da zai kama kwalta. Motsin jikin iri ɗaya ne da na kan ƙanƙara, har 'yan wasan Turai ma da shi suke atisaye idan ƙanƙararsu ta narke. Da wannan dabara wani yaro, Cristian Ribera, wanda aka haifa da larurar gaɓoɓi, ya zo na 6 a tseren kilomita 15 a gasar PyeongChang ta 2018, yana ɗan shekara 15. Aline Rocha kuma, wadda haɗarin mota ya zaunar da ita, daga tseren keken guragu ta shigo wasan, kuma a 2023 ta zama zakarar duniya a gajeren tsere a garin Östersund na Suwidin.

Najeriya ma ta leƙa wasannin sanyi. A 2018 Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga sun wakilce ta a tseren amalanken ƙanƙara, Simidele Adeagbo ita ma ta yi nata. A gasar Beijing ta 2022 Samuel Ikpefan, wanda ya tashi a Faransa, ya shiga wannan tsere na nisa da sunan Najeriya. Dukkansu a ɓangaren masu cikakkiyar lafiya suka fafata. Har zuwa gasar 2022 ba mu tura ko mutum ɗaya ɓangaren masu buƙata ta musamman ba, alhali a wasannin bazara su ne suke fitar da mu kunya.

Abin da muke da shi a gida

Tun daga gasar Barcelona ta 1992 'yan wasanmu masu larura suke kawo zinare. A Landan a 2012 sun dawo da lambobi 13, a shekarar da tawagar masu lafiya ta dawo hannu rabbana. A Rio a 2016 sun samo 12, daga ciki 8 na zinare. A Paris a 2024 sun samo 7, masu lafiya kuma ba su samo ko ɗaya ba. Mafi yawan lambobin daga ɗaga nauyi a kwance suke fitowa, wasan da ƙarfin ƙirji da damtse ne jarinsa. Lucy Ejike, wadda shan inna ta zaunar, ta ci zinare a 2004 da 2008 da 2016. Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 a Paris. Abuja da kanta ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta wannan wasa a watan Fabrairun 2020.

Akwai kuma wasan da aka ƙirƙiro a nan gida, ƙwallon guragu, wanda Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano da shan inna ta taɓa, ya assasa a 1988. Duk wanda ya taɓa kallon wasan a Abuja, musamman a bikin ranar yaƙi da shan inna ta duniya da ake yi duk 24 ga Oktoba, ya san yadda abin yake. Ɗan wasa yana zaune a kan ɗan katako mai tayoyi huɗu, ya naɗe ƙafafunsa, ya zura tafukan hannunsa cikin silifas don kada siminti ya ci masa fata. Da hannun yake tura kansa, da shi yake juyawa, da shi yake buga ƙwallo. Sai ka ga ya taso a guje, ya karkata kafaɗa, katakon ya yi kwana a kan tayoyi biyu, ya daki ƙwallon da tafin hannu ya wuce. Wannan shi ne ainihin abin da tseren zaune yake buƙata: damtse, ƙarfin ciki, iya daidaita jiki a kan abin da ke gudu, da rashin tsoro. Matasan da ke da wannan baiwa suna nan a unguwar masu buƙata ta musamman da ke Karmajiji, a gefen hanyar filin jirgin sama, da Nyanya da Kubwa da Gwagwalada. Da yawansu a tsakanin motoci suke nuna ta, a bakin danja, suna bara.

Maganar lafiya ce kafin ta zama ta lambar yabo

Ba kowa ne zai je gasar duniya ba, kuma ba don ita kaɗai ake wannan kira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da wata babbar larura. A shawarwarin da ta fitar a 2020 ta ce baligi mai larura, kamar kowa, yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Mutumin da ke wuni a zaune, ko makahon da aka hana fita don tsoron kada ya faɗi, ƙiba da hawan jini da ciwon suga sun fi saurin kama shi, ga kaɗaici da damuwa. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, bayan an ga ta ƙarshe a jihar Borno a 2016. Abin farin ciki ne, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan da ransu, suna girma, jikinsu yana neman kulawa.

Wanda zai fara irin wannan atisaye ya kula da abubuwa kaɗan. Ya fara ganin likita ko ma'aikacin gashin ƙashi, musamman in yana da raunin laka ko ciwon zuciya. Ya lallaɓa kafaɗunsa, domin su ne ƙafafunsa, in suka lalace har hawa keke zai gagare shi, don haka a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. Wanda ba ya jin ƙasan jikinsa ya riƙa duba fatarsa bayan kowane atisaye, domin ɗauri ko zama a kan abu mai tauri yakan jawo gyambon da mai shi ba zai ji zafinsa ba sai ya yi nisa. A sa hular kwano da safar hannu. A fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, a sha ruwa sosai, saboda wasu masu raunin laka jikinsu ba ya yin gumi yadda ya kamata. Sannan kada a kuskura a yi a kan titin da motoci ke bi.

Doka tana nan, saura aiki

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke da makaho za su iya shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun ga mutum, ta kuma ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su, hedikwatarta tana nan Abuja. A 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan ya shugabance ta, mutumin da shi kansa shan inna ta taɓa, kuma ya daɗe yana ƙera kekunan guragu a Jos yana rabawa.

Filin wasa shi ma ginin jama'a ne. Abuja tana da babban filin wasa na Moshood Abiola da aka gina don wasannin Afirka na 2003, da shimfiɗaɗɗun hanyoyi a harabarsa, tana da tsohon filin fareti na Area 10, da Millennium Park, da bakin tafkin Jabi. Abin da tsere a kan tayoyi yake nema bai wuce kwalta mai santsi ta kilomita 1 ko 2 ba, wadda mota ba ta bi, ba rami, ba buɗaɗɗiyar kwata, da ƙofar shiga marar matakala, da banɗakin da keke zai shiga. Da rashin tayi akan bar arha.

Kira ga kowa

Hukumar wasanni ta ƙasa da mahukuntan Babban Birnin Tarayya su ware wasu sa'o'i a mako a ɗaya daga cikin wuraren nan, a san cewa na masu keke ne da makafi da jagororinsu, a kuma taimaka da motar da za ta ɗauko su, domin kuɗin mota shi ne katangar farko ga wanda ke zaune a bayan gari. Masu walda da ke ƙera keken guragu, da ɗaliban kwalejojin fasaha, su gwada ƙera kujerar tsere da tayoyi da sanduna, su zauna da mai amfani da ita su auna jikinsa kafin su yanka ƙarfe. Kamfanoni da masu hali da ke rabon kekuna lokacin azumi su haɗa da kayan wasa da alawus ɗin mai horarwa.

Matasa masu gudu da safe a titunan Abuja, kowannenku zai iya zama jagoran makaho ɗaya. Ba a neman takardar shaida, muryarka da haƙurinka da cika alkawari ake nema, kuma ladan yana wurin Allah. Sarakunan guragu da na makafi su ma su ƙarfafa wa mabiyansu gwiwa, su fito da masu sha'awa, mata da maza.

Iyaye kuma, ku ne farko. Yaron da aka ɓoye a ɗaki don kunya, ko aka tura bara don an yanke masa ƙauna, ba a ba shi damar nuna abin da zai iya ba, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku kai shi makaranta, ku bar shi ya yi wasa da sa'o'insa, ku tambayi ofishin wasanni na yankinku ko ƙungiyar masu buƙata ta musamman mafi kusa inda ake horarwa. 'Ya mace ma tana da wannan haƙƙi, ana iya shirya mata lokaci da sutura da suka dace da tarbiyyarmu. Sauran yaran kuma a ci gaba da kai su rigakafi, kada mu sake buɗe wa shan inna ƙofa. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.